Ina Masu Digirin Japananci Ke Samun Aiki?

Kasuwar masu jin Japananci ta ɗauru ne da halin da Japan ke ciki. Yawan jama'ar ƙasar na raguwa, kusan kashi 29 cikin ɗari sun kai shekara 65 ko sun haura, masana'antu kuma na kukan ƙarancin ma'aikata. A 2023 ne baƙin da ke aiki a can suka haura miliyan 2 a karon farko.

Sai dai takardar digiri ba ita ce abin da mai ɗaukar aiki ke fara tambaya ba. Abin da yake son gani shi ne sakamakon jarrabawar ƙwarewa a Japananci ta JLPT, wadda aka soma a 1984, ake kuma zana ta a watannin Yuli da Disamba. Matakanta biyar ne, daga N5 na ɗan koyo zuwa N1 na gwani. Yawancin ayyukan ofis na neman N2 ko N1, kuma kafin a kai nan sai an sha fama da haruffan kanji, waɗanda na amfanin yau da kullum kaɗai sun kai 2,136. Jarrabawar ba ta auna magana, shi ya sa ake samun mai N1 da bakinsa ke sarƙewa a gaban baƙo.

Fassara da tafinta su ne sana'ar da kowa ke fara tunawa. Akwai littattafan zane na manga, finafinan anime da wasannin bidiyo irin na Nintendo, amma kuɗin ya fi yawa a inda babu armashi: takardun yarjejeniya, haƙƙin ƙirƙira da bayanan injuna. Fassarar na'ura ta riga ta cinye ƙananan ayyuka, ta bar wa mutum masu bukatar sanin fanni.

A kamfanoni ma haka zancen yake. Toyota, Honda ko Mitsubishi sun fi neman injiniya, akawu ko masanin kwamfuta mai jin harshen a kan wanda harshen kaɗai ya riƙe. A nan ladabin magana ke raba gwani da ɗan koyo. Ana miƙa katin suna da hannu biyu, a karɓa a duba shi da kyau kafin a ajiye. Ma'aikaci kuma idan yana magana da abokin ciniki, yakan ambaci maigidansa ba tare da laƙabin girmamawa ba, domin baƙo ake ɗaukakawa. Sabbin ma'aikata a Japan galibi a watan Afrilu suke kama aiki, kuma tun suna jami'a ake tantance su.

Koyarwa da aikin gwamnati ma ƙofa ce. Shirin JET na Japan, tun 1987, yana ɗaukar baƙi masu digiri, wasunsu su koyar, wasunsu su yi aiki a ofisoshin ƙananan hukumomi.

A Afirka, Jami'ar Alƙahira ta buɗe sashen Japananci tun 1974. A Najeriya hukumar raya ƙasashe ta Japan, JICA, na da ofis a Abuja, ta kasuwanci, JETRO, na da nata a Legas, Honda na harhaɗa babura a Ota, Ajinomoto kuwa sananne ne a kasuwanni. Guraben ba su da yawa, kuma sau da yawa da Turanci ake aikin, don haka masu neman zurfafawa kan bi ta tallafin karatu na ma'aikatar ilimin Japan, MEXT, ko shirin ABE da aka ayyana a 2013, mai haɗa digiri na biyu da horo a kamfanin Japan.