Ko ka sani? Santsin gefen hoto a kwamfuta yaudarar ido ce

Allon kwamfuta bai san da'ira ba. Duk abin da ke kansa, fuskar mutum ce ko harafi, an gina shi ne da ƙananan murabba'ai da ake kira fiksel, a jere kamar saƙar tabarma. Layin da ya miƙe tsaye ko ya kwanta ba ruwansa da matsala. Amma da zarar ya karkata ko ya lanƙwasa, sai gefensa ya fito hawa-hawa. Tun 1977 Franklin Crow, masanin zanen kwamfuta a Amurka, ya yi rubutu a kan wannan matsala da maganinta.

Maganin kuwa wayo ne. Manhaja takan duba kowane fiksel da ke bakin iyaka. In baƙin layi ya rufe rabinsa a kan farin fili, sai ta ba shi ruwan toka. In ɗan gefensa kawai ya taɓa, tokar ta fi haske. Matakai 256 ne take zaɓa a cikinsu, daga 0 zuwa 255. Hawa-hawan na nan, ido ne ya daina ganinsa.

A Photoshop, wanda Adobe ta fitar a 1990, da GIMP da ake samu kyauta, akwai ɗan akwatin kunna wannan santsi a kayan zagaye hoto. Inda sabon hannu ke tuntuɓe shi ne, a Photoshop sai an kunna shi kafin a zagaye abin da za a yanke. In an riga an zagaye, danna shi ba ya canza komai. Kuma daban yake da feda, wadda ke dusashe gefe gwargwadon faɗin da ka rubuta mata. Santsin nan fiksel ɗin bakin iyaka kaɗai yake taɓawa.

To amma tokar nan aro ce, rabinta launin bangon da aka yanko hoton ne. Shi ya sa in mai haɗa fastar biki ya ciro ango daga farin bango ya ɗora shi kan baƙi, sai ka ga farin zare ya kewaye hularsa. Ajiye hoton a tsarin GIF na ƙara dagula lamarin, don shi fiksel a wurinsa ko dai a gan shi sarai ko ya ɓace ɗungurum. PNG ne ke riƙe tsaka-tsakin.

Akwai ma inda kashe santsin ya fi. Masu zanen wasannin kwamfuta irin na da, waɗanda ke ɗora fiksel ɗaya bayan ɗaya, hawa-hawan suke so, shi ya sa a manhaja fensir suke ɗauka su bar buroshi. Haka ƙananan haruffa sukan yi dishi-dishi in santsin ya yi yawa, kuma lambar QR ta fi karantuwa in baƙinta da farinta sun rabu tsaf.