Zurfin Ma'ana a Ɗaukar Hoto: Misali Daga Aikin Ojeikere

Masu nazarin waƙa sukan bambanta jigo da salo, watau abin da mawaƙi ya faɗa da kuma yadda ya faɗe shi. Wannan bambanci yana da amfani ƙwarai idan an zo batun ɗaukar hoto, domin kalmar "zurfi" tana da fuska biyu a wannan sana'a. Ta farko ita ce zurfin da ido ke gani. Idan aka tsuke idon kyamara, abin da ke kusa da na nesa duk za su fito sarai. Idan kuwa aka buɗe shi, sai abin da aka auna ya fito, na bayansa ya dushe. Wannan dabara ce, almajiri ma yakan ƙware a kanta cikin 'yan makonni. Fuska ta biyu ita ce zurfin ma'ana, wanda ke sa mutum ya koma ga hoto bayan ya riga ya san abin da ke cikinsa. Ita ce mai wuyar samu, kuma tsadar kyamara ba ta kawo ta.

Aikin J. D. 'Okhai Ojeikere ya isa misali. An haife shi a 1930 a yankin da ake kira Jihar Edo a yau. Ya sayi kyamararsa ta farko, ƙirar Brownie D, a 1950, sannan a 1954 ya sami aikin wankin hoto a Ma'aikatar Watsa Labarai ta Badun. Daga baya ya koma Ikko yana ɗaukar hotunan talla. Har zuwa nan dai ma'aikaci ne mai gwaninta, irinsa kuma suna da yawa.

Abin da ya fitar da shi daban ya faro ne a 1968, lokacin da ya ɗauri aniyar bin abu guda tak, watau kitson matan Nijeriya. Kitso kuwa aiki ne mai gajeren rai: makitsiya ta ɓata sa'o'i tana yi, bayan mako biyu ko uku a tsefe. Ga kuma gashin kanti na ƙasashen waje yana neman ture shi a birane. Ojeikere ya shafe shekaru masu yawa yana wannan aiki, har ya tara hotuna kusan 1,000, yana kuma neman sanin sunan kowane kitso da asalinsa.

A nan ne ya kamata a lura da salo. Yawancin hotunan baƙi da fari ne, bango babu ado, kuma sau da yawa ta ƙeya ya ɗauke su. Me ya sa? Ɗan Adam da zarar ya ga fuska sai hankalinsa ya tafi can, ya shiga tambayar ko wace ce, ko kyakkyawa ce. Da aka kawar da fuskar, dole ido ya tsaya kan tsagar kitson, da lanƙwasar zare, da yadda haske ke kwanciya a kan gashi. Alal misali, akwai kitson zare da Yarbawa ke kira *Onile Gogoro*, wanda ya yi tsiri sama tamkar dogayen benayen da suka riƙa tashi a Ikko bayan samun mulkin kai a 1960. Hoto ɗaya na wannan kitso ado kawai zai nuna. Amma idan aka jera shi da ɗaruruwan 'yan'uwansa, sai tarihin birni da sauyin zamani su bayyana a kan mace.

Sai dai wannan zaɓi bai rasa hasara ba. Mai kallo yana iya cewa an mai da matan tamkar gumakan sassaƙa, ga aikin hannu a fili amma ba a san mai kan ba, balle makitsiyar da ta yi wahalar. Wannan suka tana da ƙarfi, ko da yake da an juyo da fuskokin, da wani aikin dabam aka samu. An baje kolin waɗannan hotuna a babban bikin zane-zane na birnin Venis ta Italiya a 2013, Ojeikere kuma ya rasu a Ikko a 2014.