Tsutsa a Bakin Bahaushe da a Mahangar Kimiyya

1.0 Gabatarwa

Idan manomin Funtuwa ko Malumfashi ya ce tsutsa ta faɗa wa gonarsa, me yake nufi? Bahaushe yana duban siffa ne, wato duk halittar da ke da taushin jiki, doguwa, maras ƙashi, tsutsa ce a wurinsa. Wasu kaɗan ne ya keɓe da sunaye, kamar tana da tsila da kurkunu. Masana kimiyya kuwa asali da ƙirar jiki suke dubawa.

2.0 Tsarin Suna

Masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ne ya daidaita tsarin bai wa dabbobi suna mai kalma biyu a shekarar 1758. Kalmar farko tana nuna jinsi, wato genus a Latin, ana kuma fara ta da babban baƙi. Ta biyu tana nuna nau'i. Ke nan jinsi tamkar sunan gida ne, nau'i kuma sunan yanka. A kula, wannan jinsin daban yake da jinsin namiji da tamata na darasin nahawu.

3.0 Manyan Rukunoni

(a) Masu zobba a jiki: a nan tana take. Ɗaya daga jinsunanta a Afirka ta Yamma shi ne Eudrilus. Tana takan sassauta ƙasa, ta ƙara mata taki.

(b) Mulmulallu: akwai Dracunculus, wato kurkunu, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya ta rabu da shi a 2013. Akwai kuma Meloidogyne mai sa saiwar tumatir ta yi ƙululu.

(c) Masu faɗin jiki: akwai Taenia, wato tsila, da Schistosoma. Nau'in Schistosoma haematobium ne ke haddasa tsargiya, cutar da aka yi bincike mai zurfi a kanta a yankin Malumfashi cikin shekarun 1970.

4.0 Wadda Ba Ta Cikinsu

Tsutsar da ke cinye ganyen masara, Spodoptera frugiperda, wadda ta ɓulla a Nijeriya a 2016, ba ta cikin waɗannan rukunoni. Ƙwaro ce a matakin ƙuruciya, in ta girma fiffike take yi ta tashi. Haka ma tsutsar auduga ta jinsin Helicoverpa. Don haka feshin da ake yi wa ganyen masara ba lalle ya taɓa mai cin saiwar tumatir ba. Manomin da ya ɗauke su abu guda yana iya asarar kuɗin magani da amfanin gona a damina ɗaya.

5.0 Kammalawa

Galibin ɗaliban da za ku koyar 'ya'yan manoma ne, kuma abin da suka ji a aji shi za su kai gida. Ya kamata malami ya fara da sunan da yaro ya sani, sannan ya ɗora masa na kimiyya.

Aiki: Tattaro sunayen tsutsotsi biyar daga bakin manoman garinku, ka sanya kowace a rukuninta.