Gundumomi biyu, ofishin albashi ɗaya

A kowace majalisar gunduma akwai ma'aikatan da talaka bai cika ganinsu ba: masu shirya albashi, lauyoyi, masu sayo kayan aiki, masu kula da kwamfutoci. A 2010, shekarar da gwamnatin Birtaniya ta fara tsuke bakin aljihu, gundumomin Cambridgeshire da Northamptonshire na Ingila suka tattara irin waɗannan sassa a inuwa ɗaya mai suna LGSS. Majalisar Milton Keynes ta bi sahu a 2016.

Hujjarsu mai ƙarfi ce. Manhajar da ke lissafa albashi a nan za ta iya lissafa na can, kuma mai sayen kaya da yawa shi ke samun rahusa.

Sai ga shi a Fabrairun 2018 babban jami'in kuɗi na Northamptonshire ya fitar da sanarwar sashe na 114, wadda ke dakatar da duk wani sabon kashe kuɗi in ban da abin da doka ta wajabta, kamar kare yara da masu rauni. An yi kusan shekara 20 ba a ga irinta a Ingila ba, kuma watanni kaɗan ke nan da buɗe sabuwar hedikwatar majalisar, wadda ta laƙume fam miliyan 53.

Zalunci ne a ɗora wa LGSS duk laifin. Tallafin gwamnatin tsakiya ya ragu, kuɗin kula da tsofaffi ya ƙaru, majalisar kuma ta yi ta cin ajiyarta. Amma Max Caller, sufeton da gwamnati ta tura, ya nuna a rahotonsa na Maris 2018 cewa haɗakar ta dagula sanin wanda alhaki ke wuyansa. A ganina nan gizo ke saƙar. Biyan albashi aiki ne da kowane ƙwararre zai iya yi daga nesa. Shi kuwa akawun da zai dubi idon shugaba ya ce masa kasafin nan ba zai kai ƙarshen shekara ba, dole ya zama ɗan gida, mai ubangida ɗaya, wanda kansila zai iya kira ya titsiye shi.

An wargaza LGSS a 2020, aka ci gaba da tarayya a ayyuka irin su albashi da fansho. Ranar 1 ga Afrilun 2021 aka rushe majalisar Northamptonshire kanta, aka kafa biyu a madadinta, ta Arewa da ta Yamma.