Bakolori: Bakin Ƙofar Ruwa Ɗaya, Masu Jira Da Yawa

Duk lokacin da shinkafa ta yi tsada, sai maganar madatsar ruwan Bakolori ta dawo gidajen rediyo. Tun da aka shiga gyaran magudanan ruwanta a ƙarƙashin shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, abin da ake ta faɗa shi ne a yashe hanyoyin ruwa, a gyara injina, Zamfara ta ciyar da Arewa. Ina son gyaran nan. Amma masu wannan magana sun ɗauki Bakolori a matsayin matsalar siminti, alhali tun farko matsalar rabo ce.

Dam ɗin yana riƙe ruwa kimanin mita kubik miliyan 450 a Gulbin Sakkwato. Mai noman rani a Talata Mafara da Bakura yana son a tsare ruwan har watan Maris. Mai shinkafar fadama da ke can ƙasa yana son a saki ambaliya a tsakiyar damina, don ita ce takinsa. Mai gida a bakin gulbi kuwa addu'arsa kada a sake ta. Ga masunci, ga makiyayi da mashayarsa. Ma'aikacin da ya ɗora hannu a kan ƙofar ruwa, ko ya sani ko bai sani ba, yana zaɓen wanda zai yi asara ne.

Da aka fara ginin a 1974, kamfanin Impresit na Italiya da hukumomin lokacin buri ɗaya suka ƙirga: hekta dubu nawa za a shayar. Aka kammala bangon a 1978. Ruwa ya haɗiye gonaki da gidajen dubban iyalai a ƙasar Maradun, aka kwashe su zuwa kan tudu mai tsakuwa, ƙasar da ba ta kama ƙafar kwarin da suka baro ba. Waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin filin aikin kuma aka hana su shuka damina bayan damina, katafila tana baje ƙasa, tana tumɓuke ɗorawa da kuka da tsamiyar da kakanni suka bari. Diyya ta zo a makare, ta zo a gutsure, wasu ba su ga ko kwabo ba.

Manoma suka kai kuka, ba a ji ba. Suka tare hanyoyin aiki. A ƙarshen watan Afrilun 1980, zamanin Shehu Shagari yana shugaban ƙasa, Shehu Kangiwa yana gwamnan Sakkwato, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka wa Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye, aka yi harbi, aka ƙona gidaje. Adadin da gwamnati ta amsa bai kai 30 ba. Masu bincike sun kawo lissafin da ya haura 380. Yaranmu nawa ne a makarantun Zamfara aka taɓa koya musu wannan? Abin yana ci mini rai. Mutanen nan ba ƙin ci gaba suka yi ba, haƙƙinsu suka nema.

Akwai kuma waɗanda ba a harba ba amma aka yi musu yankan ƙauna a hankali. A da, ruwa yakan malale fadama, ya kwana biyu, ya janye ya bar baƙar laka mai santsi. Mutum ya yanke shinkafarsa, ya tona 'yar rijiya iya ƙugu, ya kafa jigo ya yi albasa da barkono. Da dam ya rage ambaliyar, binciken da Bature W. M. Adams ya yi ya nuna dubban hekta na shinkafa sun koma gero da dawa, lambun rani ya ja baya, kifi ya ragu. Babu wanda ya rubuta wannan hasara a littafin ribar aikin. Na'urorin feshin ruwa da aka shimfiɗa a mafi yawan filin, su ma da wuta ta gagara sai suka zama kwangiri.

Taura biyu ba ta taunuwa, gaskiya ne, amma ana iya cin ɗaya yau a ajiye ɗaya gobe. A Kogin Sanagal an gwada sakin ambaliya da gangan daga madatsar Manantali saboda manoman kwari. Me zai hana Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ta zauna kafin faɗuwar damina da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, da sarakunan noma na ƙauyukan ƙasa, da Sarkin Ruwa, da arɗo, a fitar da jadawalin buɗewa da rufewa, a karanta shi a rediyo da Hausa da Fulatanci? Wanda jadawalin bana ya tauye, a faɗa masa tun kafin ya zuba iri, a kuma faɗi abin da za a rage masa asara da shi. 'Yan majalisar da ke wakiltar Bakura, Maradun da Talata Mafara su nemi a ba su wannan jadawali a rubuce kafin su sake zuwa yanke kyallen buɗe wata magudana.