Yadda Garin Kabon Ke Hanzarta Daskarewar Gam Ɗin Ifoksi

Duk wanda ya taɓa sayen Araldite ya san yadda ake yi: tubu biyu ne, a matso wannan, a matso wancan, a gauraya, sannan a jira. Muddin kowanne yana cikin tubunsa, zai yi watanni yana nan da danƙonsa. Da zarar sun haɗu kuwa, sai su fara sandarewa har su zama kamar dutse. Wannan gam shi ake kira ifoksi, kuma kamfanin Ciba na ƙasar Suwizalan ne ya fito da shi kasuwa a 1946.

Mutane kan ce gam ɗin ya bushe, amma ba bushewa ba ce, domin babu ruwan da ke fita daga cikinsa. A ƙarshen kowace ƙwayar ifoksi akwai wani ɗan zobe mai kusurwa uku: ƙwayoyin zarra biyu na kabon, ɗaya ta oksijin. Zoben a takure yake, neman hanyar buɗewa yake yi. Sinadarin tubu na biyu, wanda galibi daga dangin amin yake, shi ke ɓalle zoben ya sarƙe da shi. Haka ƙwayoyin za su yi ta ƙulluwa da juna ta kowace fuska, har su zama raga guda wadda zafi ba ya narkar da ita.

Ga mai gyara a gida, jiran 'yan sa'o'i ba wani abu ba ne. A masana'anta kuwa, jiran nan kuɗi ne. Kusan rabin nauyin jirgin sama samfurin Boeing 787 na haɗaɗɗun kaya ne, mafi yawansu zaren kabon da aka jiƙa da ifoksi. Irin waɗannan sassa akan gasa su sa'o'i da dama a manyan tanderu, a zafin da ke kaiwa wajen digiri 180. Duk abin da zai rage sa'a ɗaya ko ya sauke zafin, ya rage wutar da ake ci.

An daɗe ana zuba garin kabon cikin ifoksi, amma don wata manufa daban: ƙara ƙarfi, ko sa gam ɗin ya iya ɗaukar lantarki. Akwai baƙin kabon, ɗan'uwan kunkunniya, wanda ke sa tayar mota baƙi. Akwai siraran bututun kabon da Sumio Iijima na Japan ya bayyana a 1991. Akwai kuma girafin, faifan kabon mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya, wanda Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ɓanɓaro a Jami'ar Manchester a 2004. An ɗauke su a matsayin ciko kawai. Sai da masana suka riƙa auna zafin da gam ɗin ke fitarwa yayin daskarewa, suka lura cewa wasu daga cikin garin suna sa aikin ya fara da wuri, kuma a zafi ƙasa da wanda aka saba.

Sirrin yana kan fatar garin. Kabon da aka yi wa wanka da asid, ko girafin da aka ɗora wa oksijin, yakan fito da ƙananan rassa na oksijin da haidurojin a jikinsa. Reshen yakan kama oksijin ɗin zoben ifoksi ya ja shi kaɗan, zoben ya yi rauni, amin ya same shi a saukake. Aikin dillali ke nan: ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa, shi kuma ya juya ga na gaba. Da yake garin ƙanana ne matuƙa, ɗan kaɗan daga cikinsa yana da faɗin fata mai yawa, saboda haka dillalan ba su da iyaka. Ƙari a kan haka, kabon yana watsa zafi cikin gam ɗin, wanda shi kansa ba ya isar da zafi sosai.

Sai dai lamarin ba ya tafiya a miƙe kullum, kuma nan ne, a ganina, masu tallata fasahar kan yi gaggawa. Garin da ya yi yawa yakan sa gam ɗin ya yi kauri, ƙwayoyin su kasa kaiwa ga juna, aikin da ya fara da sauri ya ƙare da jan ƙafa. Wani garin yakan shanye amin ɗin a jikinsa, lissafin gaurayen ya lalace, a samu raga mai giɓi. Bututun kabon kuma suna son dunƙulewa, kuma kowane dunƙule wuri ne da tsagewa za ta iya farawa. Saurin ma yana da nasa haɗari: ma'aikaci na da ɗan lokaci ne kawai kafin gam ɗin ya ƙi shafuwa, kuma ifoksi mai yawa a mazubi ɗaya yana iya tara zafi har ya yi hayaƙi.

Girafin da bututun kabon suna da tsada, don haka wasu masu bincike suka karkata ga gawayin da ake samu ta hanyar gasa ragowar amfanin gona ba tare da iska ba, kamar ɓuntun shinkafa da ɓawon kwakwa. Zafin gashin ne ke tantance halinsa: wanda aka gasa a matsakaicin zafi yana riƙe rassan oksijin masu yawa, wanda aka gasa a zafi mai tsanani yakan rasa su, amma ya fi ɗaukar lantarki.