Giwayen da Yaƙi Ya Raba da Haure

Mai karatu, da za a ce maka an taɓa samun dajin da rabin giwayensa mata ba su da haure, kuma haka suka zo duniya, babu wanda ya cire musu, za ka yarda? To dajin yana nan. Sunansa Gorongosa, gandun namun daji ne a lardin Sofala, tsakiyar ƙasar Mozambik. Giwar Afirka dai, mace da toro duk haure gare su. Me ya sami na Gorongosa?

A 1977 yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin gwamnatin Frelimo da 'yan tawayen Renamo, bai lafa ba sai 1992. Gorongosa ya zama fagen fama. Mayaƙa na neman nama, bindiga na neman harsashi, harsashi kuwa sai da kuɗi, ga kuɗin nan yana yawo a bakin giwa. Ɓangarorin biyu suka far wa giwaye, suna sayar da haure suna sayen makamai.

Sa kanka a matsayin mayaƙin nan, mai karatu. Yunwa na cinka, harsasanka sun kusa ƙarewa, ga giwaye biyu a bakin ruwa. Ɗaya haurenta fari fat, ya miƙe zaro-zaro. Ɗayar kuma bakinta fayau, babu komai. Wacce za ka saita? Amsar da ka bayar yanzu ita dubban mayaƙa suka yi ta bayarwa shekara goma sha biyar, ba tare da ɗayansu ya san abin da yake shukawa ba.

Kafin yaƙi giwayen gandun sun haura 2,500. Bayansa ba su kai 250 ba. Da masu bincike suka tono tsofaffin hotuna da finafinan da aka ɗauka kafin rikici, sai suka ga kusan kashi 18 cikin ɗari na matan ne marasa haure. A cikin matan da suka tsira kuwa, adadin ya kai kashi 51. Joyce Poole, wadda ta ƙarar da rayuwarta kan sanin halin giwa, da Shane Campbell-Staton na Jami'ar Princeton a Amurka, su da abokan aikinsu suka zauna suka yi lissafi. Giwa marar haure ta fi mai haure damar tsira wajen ninki biyar. Abin da a da naƙasa ne ya koma garkuwa.

Babu giwar da ta yi shawarar zubar da haurenta, kuma tsoro bai hana haure fitowa ba. Bambancin yana cikin garken tun asali. Bindiga ta kwashe masu haure, marasa haure suka rayu suka hayayyafa, 'ya'ya suka gaji iyaye. Wannan shi ne zaɓin yanayi da Charles Darwin ya bayyana a 1859: halin da ya taimaki mai shi ya rayu har ya haihu, shi ke yaɗuwa a zuriya. Mutane kan ɗauka sai an shekara dubbai kafin a ga irin wannan sauyi. A Gorongosa, mutum ɗaya da ransa ya isa ya ga farko ya ga sakamako. Amma akwai abin da ya hana masanan barci: ina toron da ba shi da haure?

Sun duba, ba su same shi ba. Suka koma kan 'ya'yan giwaye marasa haure, sai ga abin al'ajabi: kusan biyu cikin uku mata ne, alhali a ƙa'ida rabi da rabi ake samu. Ina sauran mazan suka shiga? Aka ɗebi jinin giwaye aka bincika ƙwayoyin gado, zargi ya faɗa kan guda biyu masu hannu a ginin haƙori, AMELX da MEP1a. Ta farkon tana kan zaren gado da ake kira X. Mace na da X biyu, in ɗaya ya sami matsala ɗayan ya rufa mata asiri, sai dai ta rasa haure. Namiji X ɗaya gare shi tilo. Duk alamu sun nuna ɗan tayin da ya gaji wannan sauyi a ciki yake mutuwa. Gadon da ya kuɓutar da uwa daga harsashi shi ke cinye rabin 'ya'yanta maza tun ba su ga rana ba. An buga binciken a mujallar Science a 2021.

Yanzu in kai ne mai gadin gandun, murna za ka yi don mafarauta ba su da abin nema a jikin giwayenka? Ni dai zuciyata ba ta yarda ba. Da haure giwa ke tona ruwa a busasshen rafi lokacin rani, har ƙananan dabbobi su samu su sha. Da shi take ɓare ɓawon itace, da shi take kare kanta da ɗanta. Wanda ya raba ta da shi ya taɓa dajin gaba ɗaya.

Tun da aka ajiye makamai giwayen Gorongosa suna ta ƙaruwa, haure ma ya fara dawowa. Sai dai giwa wata 22 take ɗauke da ciki, zuriyarta ba ta sauri. A cikin matan da aka haifa bayan yaƙi, waɗanda ba su taɓa jin ƙarar bindigarsa ba, ɗaya cikin uku ba ta da haure.